Wurin Wattie a Bayan Raga

Ina wanke tukunya Senga ta faɗo mini kicin ba ko ƙwanƙwasa ƙofa, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta, ruwan sama ya jiƙa mata gashi sharkaf. Senga maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tunda nake da ita ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ranar.

"Ishbel, kin kunna talabijin kuwa?"

"Wa ya mutu kuma?"

"Ba wanda ya mutu. An jefa ƙuri'ar kofin ƙwallo, mu da su aka haɗa. Nan za su zo, Ishbel, nan Kinbrae!"

Ban tambaye ta su wa ba. A ƙasar nan in aka ce su, to ɗaya ne daga cikin manyan kulob ɗin nan biyu na Glasgow. Ni ban taɓa ganin bambancinsu ba, don haka ba zan ɓata tawada wajen rubuta sunan ba. Na ajiye tukunyar, na goge hannu, na ɗaga kai na dubi saman kabad inda Wattie yake.

Wattie mijina ne. A watan Satumba zuciyarsa ta tsaya, yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi kallon wasa. Aka ƙona gawarsa a Dundee kamar yadda ya ce a yi, aka ba ni tokar a cikin wani gwangwani mai murfi, na ɗora shi saman kabad don ban san inda zan kai shi ba tukuna. Shekara hamsin da 'yan kai wuri guda yake tsayawa a filin ƙwallon Kinbrae, bayan ragar da ke ɓangaren teku, jikin wani ƙarfen jingina da ya lanƙwashe. A duk tsawon shekarun nan ƙuri'a ba ta taɓa kawo manyan garinmu ba. Shi kuwa bai daina jira ba. In ya sha ɗan abin sha sai ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ranar da suka zo nan ina wurina, Ishbel. Ko da ƙafata, ko a jakarki." Ni kuma in ce masa ya daina shirme ya cire takalmi kafin ya taka mini kafet.

Senga ta bi idona da kallo, sai ta kama baki. "Wayyo Wattie. Da ya ƙara haƙuri kaɗan."

Na ce, "Duk rayuwarsa ni ke jiran sa. Sai wannan karon ya yi sammako."

Lig ɗin ƙasar nan wai ita ake ce wa gasa. Tun ina goyon ɗana Lachie, wanda yanzu har furfura ta fara fito masa, kofin lig bai sake kwana a wani gari ba sai Glasgow. Bana wannan, baɗi wancan, kamar 'yan gida ɗaya masu aron kot ɗin zuwa coci. Sauranmu aikinmu mu fito a lallasa mu don a samu abin nunawa a talabijin. Kuɗin talabijin ɗin ma su ke kwashe tsokar, su tura mana ƙashi, har a sa mu yi godiya. In muka yi sa'ar yaro mai ƙafa, kafin mu gama koyon sunansa sun zo da mota mai baƙin gilashi sun ɗauke shi. Ba wai don suna bukatarsa ba, don dai kada ya yi wa wani wasa. Ya je ya ɗumama musu benci, ya dawo mana da ƙiba da ciwon gwiwa. Namu 'yan wasan kuwa, gola mai gyaran famfo ne, shi ya gyara mini na banɗaki. Lamba tara Eck ne, mai raba mana wasiƙu da safe.

Abin da ya fi ci wa Wattie rai bas ne. Duk Asabar bas biyu ke tashi daga gaban gidan burodin Munro, ɗaya ta waɗannan, ɗaya ta waɗancan, cike da 'ya'yan Kinbrae da aka yanke wa cibi a nan, za su yi doguwar tafiya su je su yi wa masu kuɗi tafi. Wattie yakan wuce su a ƙafa da mayafinsa baƙi da ruwan goro a wuya, ya kau da kai kamar ya ga mataccen kifi. Lachie namu yana cikin ɗaya daga bas ɗin. Ƙanena ne ya kai shi Glasgow sau ɗaya yana ƙarami, ya ga fitilu, ya ga kofuna jere cikin gilashi, ya dawo da mayafinsu a wuya, shi ke nan. Wattie bai dake shi ba, bai zage shi ba. Sun ci gaba da hirar teku da injin mota da tsadar mai. Ƙwallo dai ba su sake ambatonta a kan teburina ba.

Bayan 'yan kwanaki Senga ta sake kawo mini wani labarin, wannan karon a hankali ta tako. Shugaban kulob ya ba wa baƙi ɓangare uku na filin, har da na teku. Mu 'yan gari za a tattara mu a ƙaramar rumfar da ke kusa da banɗaki. Na sa kot ɗina na tafi wurinsa.

Dougie Rennie ne shugaban, mai shagon kafet a babban titi. Aji ɗaya muka yi a firamare, na san shi tun yana shan majina, amma da ya gan ni sai ya miƙe tsaye yana gyara taye.

"Misis Geddes! Shigo, zauna. Ya ƙarin haƙuri? Wallahi filin nan ba Wattie kamar ba fili ba."

"Shi ya sa ka sayar da wurinsa?"

Ya koma ya zauna. "Ishbel, tsaya ki ji. Ranar wasa su wa ke tsayawa a bayan ragar nan? Wattie, da wasu tsofaffi da ba su cika hannu ba, da karen ɗayansu. Waɗannan kuwa dubbai za su zo, kowa da kuɗinsa. Abin da za mu samu a yini ɗayan nan, shekaru ba mu gan shi ba. Rufin rumfa yana yoyo, fitilu sun tsufa. Da Wattie na nan shi zai fara cewa a yi."

"Da Wattie na nan da ka ji sunayen da uwarka ba ta raɗa maka ba."

Na gaya masa abin da Wattie ya ce, na gaya masa ina so in zuba tokar a bayan ragar ranar wasan, daga wurin da yake tsayawa. Ya saurare ni yana gyaɗa kai irin na mai sauraron wanda ya dawo da kafet.

"To ga shawara. Ki zo Litinin da safe, ni da kaina zan buɗe miki ƙofa. Mu kira fasto, a yi abin cikin natsuwa. Ranar wasan kuma ki hau sama ki zauna tare da mu, akwai ɗumi, akwai ɗan abin taɓawa. Manyansu ma za su zo, mutanen kirki ne, sai ku gaisa."

"Litinin wa ke filin, tsuntsayen teku? Ranar da suka zo ya ce, Dougie. Bai ce ranar da suka tafi suka bar mana kwalabe ba."

"'Yan sanda ba za su yarda ba. Ba mai shiga ɓangaren nan sai da tikitinsu. Tikitin ma ba a hannuna yake ba, an tura musu Glasgow su raba wa mutanensu."

"Wato a gidanka sai ka nemi izini kafin ka shiga kicin."

"Haka abin yake, Ishbel. Ba ni na tsara duniya ba."

"A'a. Kai kafet kawai kake shimfiɗa mata."

Na fito na bar masa ƙofa a buɗe, sanyi ya shiga.

Ranar Lahadi Lachie ya zo cin abinci, kamar yadda ya saba tun rasuwar ubansa. Ya cinye dankalinsa da niƙaƙƙen nama bai ɗago ba. Da ya gama sai ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu kusa da gishiri. Tikiti ne, da tambarinsu a jiki, da sunan filinmu a ƙasa da ƙananan baƙi.

Ya ce, "Senga ta gaya wa matata, matata ta gaya mini."

"Senga ai rediyo ce."

"Ƙungiyarmu ta magoya baya ta samu kasonta. Na karɓi biyu."

"Ƙungiyarku."

"Mama, ba faɗa na zo ba. Bayan ragar teku ne. Kina so ko ba kya so?"

Na zuba wa tikitin ido. Ya share wuya ya ce, "Sai dai fa sai kin shiga bas."

"Wace bas? Daga tagar ɗakina ina hango fitilun filin."

"'Yan sanda suka ce. Duk mai tikitin baƙi a bas zai zo, cikin jerin gwano. Za mu tashi daga gaban Munro, mu fita bayan gari, mu jira na Glasgow su iso, sannan mu shigo tare."

Na yi dariya har sai da na riƙe bakin tebur. Rabona da dariya tun Satumba.

"Baƙo! Kai da aka haifa a ɗakin da ke saman kanka."

"To, ranar dai baƙo ne ni. Ke ma haka, in kin yarda. Kuma ba a shiga da mayafin Baba, za su fitar da ke."

"Zan sa shi cikin kot."

"Gwangwanin fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi saman kabad, ya yi saurin mayar da idonsa kan faranti. Na ce masa ya bar mini wannan.

Masu talabijin suka mayar da wasan ranar Lahadi da tsakar rana, daidai lokacin coci, ba wanda ya tambaye mu. Da safen na shimfiɗa jarida a tebur, na ɗauko babban filas ɗin da Wattie yake tafiya da shi teku lokacin yana aikin jirgin kamun kifi, na juye shi a ciki da ludayi. Ya shiga tsaf har da ɗan sarari a sama. Dama Wattie ba shi da jiki. Na naɗa mayafinsa a wuyana, na rufe kot har haɓa, na rungumi filas na fita.

Ina hawa bas waƙar da suke yi ta mutu. Duk na san su. 'Ya'yan matan da muka yi aikin bandar kifi tare ne, wasu na taɓa goge musu hanci. Ga su nan tsofai-tsofai da su, sun saye rigar mutanen da ba su san da zamansu ba.

"Misis Geddes, ga wuri nan gaba."

"Yau kin dawo hanya ke nan, Misis Geddes?" in ji wani daga baya.

Na ce, "Uwarka ta san ka fito ba hula, Sandy?"

Aka kwashe masa da dariya, ya nutse a kujera.

Bas ta tashi, ta wuce ta ƙofar filin da za mu, ta wuce makaranta, ta fita gari. Muka tsaya a gefen titi kusa da wata gona, ana ruwa, tumaki suna kallon mu. Mun daɗe a nan. Wattie yana kan cinyata a cikin bas ɗin da ya yi rayuwarsa yana kau wa kai, ni kuwa ina ta ba shi haƙuri a zuci. Can sai ga jerin bas na Glasgow, da baburan 'yan sanda a gaba kamar an rako gawar wani babba. Muka bi bayansu muka shigo garinmu. Mutane sun fito ƙofar gida suna kallo. Na ga labulen ɗakina. Na ga Senga a bakin ƙofarta ta harɗe hannu tana harara, ba ta san ina ciki ba. Na ji daɗin hararar.

A ƙofar shiga masu gadi ne da aka ɗauko haya daga wani wuri, ba fuskar da na sani. Sun ajiye tebur, an cika shi da kwalabe da filas da lema da suka ƙwace. Lachie ya ja ni gefe, ya zare mayafinsa, ya karɓi filas ɗin ya naɗe shi.

"Da mayafinsu za ka naɗe ubanka?"

"Sanyi ake yi, Mama, ba zai ƙi ba."

Ya cusa shi cikin jaket. Lachie yana da tumbi, filas ɗin ya ɓace a ciki kamar ba a yi shi ba. Mai gadin ya shafa shi sama-sama ya ce ya wuce. Ni ya buɗe jakata, ya ga alewar tari da gilashin karatu, ya ce in yi kallo lafiya.

Ban taɓa ganin matakalan nan a cike ba. Inda Wattie yake miƙe hannu biyu ba ya taɓa kowa, yau ko wurin tofar da yawu babu. Lachie ya shige gaba yana raba mutane da kafaɗa, ina riƙe da bayan rigarsa, har muka kai ƙarfen da ya lanƙwashe. Wani ƙato ne jingine da shi yana cin mitfai, burodin nan mai nama a ciki, man yana zuba masa a hannu. Lachie ya yi masa magana a kunne. Mutumin ya dube ni, ya cire hula, ya matsa.

"Allah ya jiƙansa, Mama. Ga wurinki. Wallahi ƙananan filayen nan suna burge ni, nan ne ƙwallon gaskiya take."

Irin muryar da ake yabon ɗan kwikwiyo da ita. Na ce na gode. Ya mayar da hula, ya ciji mitfai ɗinsa, ya juyo ya ce wa Lachie, "Ya ma sunan garin nan?"

Na dafa ƙarfen. Wurin da hannun Wattie yake sauka fentin ya goge, ƙarfen ya yi santsi.

Da aka fara, ragar da ke gabana namu ke tsaron ta, don haka duk abin a kan idona aka yi shi. Manyan 'yan wasansu ma ba su zo da su ba, an bar su a gida su huta. Yara aka turo mana, kowanne ƙafa kamar an zana, gashi a gyare. Na hango Rory ɗan Effie, wanda suka ɗauke mana, zaune a benci cikin bargo. Ko a nan mahaifarsa ba su sa shi ba. Golanmu ya yi abin da zai iya, ya faɗi nan ya faɗi can, laka har cikin kunne. Suka zura huɗu kafin hutu. Duk wadda ta shiga sai matakalan su girgiza, mutane su rungumi juna kamar wani abin mamaki ya faru. Ban san me suke wa murna ba. In jirgin yaƙi ya kifar da kwale-kwale, wa ke tafi?

Lachie bai yi tsalle ba, zan faɗi wannan. Ya riƙe cikinsa da hannu biyu.

Da aka tafi hutu ya ce, "Mama, yanzu? Kowa ya tafi sayen shayi, ba mai kallo."

"A'a. Ba zan zuba shi a inda suka gama rawa ba. Yanzu za a juya, namu za su riƙa kawo ƙwallo nan. Sai ya ga masu riga baƙa da ruwan goro sun nufo shi sannan."

Lachie ya dube ni, ya gyara filas ɗin a cikin jaket.

Aka dawo, golansu ya zo ya tsaya a gabanmu. Dogo ne daga wata ƙasa, an ce kuɗin da aka saye shi zai sayi titinmu har da coci. Ya ajiye tawul da gorar ruwa a cikin raga, ya tsaya. Ƙwallo tana can ɗaya gefen, muna hango ta kamar ɗigo. Ya yi tsalle-tsalle don sanyi. Ya sha ruwa. Ya gyara safar hannu. Wani tsuntsun teku ya sauka a gabansa, ya yi ta yawo yana tsince-tsince, ba wanda ya kore shi. Can nesa aka zura ta biyar, aka zura ta shida.

"Mama, ki zuba kawai. Lokaci na tafiya."

"Sai sun zo."

"Ba za su zo ba."

"Ubanka ya jira shekara hamsin, ba zai gaji yanzu ba."

Aka zura ta bakwai. Mutane suka fara fita don kada cunkoso ya riƙe su. Ƙaton nan ma ya yi mini sallama ya ce in gaida gida. Ruwa ya ƙara ƙarfi. Yatsuna sun sandare a jikin ƙarfen, zuciyata ta fara gaya mini zan koma gida da Wattie a bas, in mayar da shi saman kabad, Litinin in je in roƙi Dougie Rennie. Alƙalin wasa yana ta duba agogo.

Sai wani namu ya doko ƙwallo ba don kowa ba, don dai ya huta da ita. Ta yi sama, iska ta kwaso ta, ta faɗo a gefenmu. Eck mai wasiƙa ya biyo ta shi kaɗai, da gajerun ƙafafunsa, baki a buɗe, kamar kare ya biyo shi da jaka. Ya riga yaronsu kaiwa, ya doka, ta bugi ƙafar yaron ta fita. Kwana. Bugun kusurwa guda ɗaya tak a duk wasan.

Daga ƙaramar rumfar da ke kusa da banɗaki na ji mutanenmu sun ɗauki ihu. Namu suka taho da gudu, har golan. Na buɗe kot na fito da mayafin Wattie a fili, duk mai son fitar da ni ya zo. Lachie ya zaro filas, ya warware shi, ya murɗe murfin don hannuna ba zai iya ba. Na gangara zuwa 'yar katangar da ke bayan raga, na miƙa hannu na juye. Ya zuba a kan ciyawa fari-fari, ruwan sama ya bi ta kansa, kafin in girgiza filas ɗin ya fara shigewa ƙasa.

A bayana na ji wata murya ta tsage, "Kinbrae! Ku shigo da ita! Ku shigo da ita mana!"

Lachie ne, da rigarsu a jikinsa, jijiyar wuya a tashe, ruwa yana bin fuskarsa. Mutanensa suka juyo suna kallon sa.

Eck ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya doka. Ko cikin fili ba ta shiga ba. Ta bi ta saman katanga ta tafi wajen teku. Alƙali ya hura tashi.

Aka sake loda mu a bas, aka fitar da mu bayan gari, aka dawo da mu gaban Munro. Asabar ɗin da ta biyo Lachie yana cikin bas ɗinsa za shi Glasgow. Ban yi mamaki ba, ban kuma yi masa magana ba. Ni dai na san Wattie yana wurinsa, kuma duk ranar wasa nakan je in tsaya jikin ƙarfen tare da tsofaffin nan da karen.

Da kakar wasa ta ƙare sai ga hoton Dougie a jaridar gari, yana murmushi har kunne. Da kuɗin da aka samu za a cire ciyawar filin a shimfiɗa ta roba. Wai ba ta laka, wai za a riƙa ba da hayarta, kuma ƙananan yaran kulob ɗin da ya lallasa mu za su riƙa zuwa wasa a kanta tsakiyar mako. Rufin rumfa ba a ambace shi ba. Har yau yana yoyo.

Wata safiya na ji rurin katafila daga ɗakina. Na ɗauki bokitin goge ƙasa na tafi. Ƙofa a buɗe take, tifa tana fita cike. An riga an cire ragar, an kankare ɓangaren teku tas, sai jar ƙasa da tsakuwa. Dougie yana tsaye da hular kwano a ka, sabuwa fil, ko ƙura babu.

"Dougie, ina ake kai ƙasar?"

"Ƙasar? Masu gina sababbin gidaje a hanyar Dundee ne ke kwashewa, za su yi ciko da…" Sai ya tsaya. Duk gari ya san abin da na yi, Senga ta tabbatar da haka. Fuskarsa ta yi ja. "Kash. Ishbel, wallahi ya fita daga raina."

"Na sani."

"Za mu sa masa allo a bango, da sunansa, da shekarunsa."

"Sa wa kanka."

Na wuce wurin mai katafila. Ban san shi ba, ba ɗan garinmu ba ne. Na ɗaga masa hannu, ya kashe injin. Na tambaye shi ina ƙasar bayan ragar nan. Ya ce tifa biyu sun riga sun tafi da mafi yawanta, amma wancan tsibin da ke gefe yana jin daga nan ya kwaso shi, ba zai rantse ba. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ara mini shebur ɗinsa, na zaɓi inda ciyawar take da saiwa, na cika bokiti. Na ɗauko shi da kaina har gida, ina hutawa a hanya.

Ban sani ba ko Wattie yana ciki. Wataƙila yana ƙarƙashin garejin wani a hanyar Dundee. Na juye ƙasar a wani tsohon baho a bakin ƙofar baya, ciyawar ta yi kamar za ta mutu, daga baya ta kama.

Kullum da safe, kafin in ɗora ruwan zafi, nakan fita da almakashin ɗinkina in daidaita ta. Senga ta leƙo ta kan katanga ta ce ciyawa ba ta yin tsawon da za a aske ta kullum. Na ce mata na ji. Ina aske ta dai.